Muna Son Komawa Gari Mai Sanyi, Wane Ma'auni Za Mu Bi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Zafin garin da muke zaune ya kai mu maƙura, har barcin dare ya zama aiki. Ni da maiɗakina da yaranmu uku da mahaifiyata, wadda ke fama da hawan jini, mun yanke shawarar tashi mu koma gari mai sanyi, inda akwai asibitin kirki da makarantu da ruwa da wuta. Aikina ta intanet nake yi, don haka ko'ina zan iya zama. Ɗaya daga cikin yaran yana da sikila. Na duba jerin biranen da ake cewa sun fi daɗin zama a duniya, maimakon in samu haske sai na ƙara rikicewa. Ta ina zan fara?

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya kuma ba yaron sauƙi.

Ka ajiye jerin nan tukuna. Abin da za ka fara tantancewa shi ne irin sanyin da kake nema, domin abubuwa uku ne ke sa gari ya yi sanyi: tudu, ko maƙwabtaka da teku mai ruwan sanyi, ko nisa daga tsakiyar duniya, wato layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu. Kowanne da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa, kuma da yadda iyalinka suke, ba duka ne za su karɓe ku ba.

Sanyin tudu shi ne ya fi jan hankalin wanda ya fito daga ƙasa mai zafi. Duk mita 1,000 da ka hau sama, zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Selsiyos. Shi ya sa Nairobi, mai tsayin kusan mita 1,800 daga matakin teku, da Adis Ababa mai sama da mita 2,300, da Bogota ta Kolombiya mai mita 2,600 da ɗoriya, suke da sanyi duk da cewa suna kusa da tsakiyar duniya. Daɗin irin waɗannan garuruwa shi ne yanayinsu ba ya yin tsalle: watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi ba su da wata tazara mai yawa, rana ta yi ɗumi, dare ya yi sanyi, haka shekara za ta zagayo. Sauro mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ma yakan yi ƙaranci a can sama.

Sai dai a nan ne maganar yaronka ta shigo, kuma a ganina ita ce ya kamata ta ja ragamar shawarar gaba ɗaya. Yadda zafi ke raguwa in an hau sama, haka iskar oksijin da huhu ke samu a kowane numfashi take raguwa. A tsayin mita 2,500, nauyin iska kusan kashi uku cikin huɗu ne na abin da ake samu a bakin teku. A La Paz ta Bolibiya, mai kimanin mita 3,600, bai wuce kashi biyu cikin uku ba. Ƙarancin oksijin yana cikin manyan abubuwan da ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya tashi, wani lokacin har saifa ta taɓu. Ga kuma bushewar iskar tudu, wadda ke zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi sosai ba, alhali ƙarancin ruwa a jiki shi ma yana tayar da ciwon. Saboda haka ni da zan zana maka layi, garuruwan da suka haura mita 2,000 zan cire su daga lissafi tun farko. Masu matsakaicin tsayi, irin Kigali ta Ruwanda da Medelin ta Kolombiya da ke wajen mita 1,500, su ma kada ka yanke hukunci a kansu sai likitan jinin da ya san tarihin yaron ya faɗi ra'ayinsa. Mama ma tana da kaso a wannan magana, don hawa tudu mai tsayi yana iya ɗaga jini, musamman a makonnin farko.

Sanyin teku ya fi wannan sauƙi ga jiki, amma ba kowane bakin teku ke da shi ba. Jidda da Dubai da Mumbai duk a bakin teku suke, kuma wanda ya san su ya san gumi. Abin da ke kawo sanyi shi ne igiyar ruwan sanyi da ke ratsa gaɓar. San Faransisko ta Amurka, a tsakiyar bazararsu, zafin rana yakan tsaya ne a wajen digiri 20, alhali Sakramento da ke nesa da gaɓar teku, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba, tana haura 30 a watan Yuli. Lima ta Peru ma haka, tana yankin da ya kamata a ce zafi ya yi yawa, amma ruwan sanyin da ke tasowa daga kudu ya danne shi. Ladan da ake biya a nan shi ne hazo da danshi. A Lima ana yin watanni a jere sama a lulluɓe, kuma gida mai danshi yakan yi funfuna a bango da cikin tufafi, abin da ke wahalar da mai asma ko mai yawan mura.

Na uku shi ne sanyin ƙasashen da suka yi nisa zuwa arewa ko kudu, kuma a nan ne mutane suka fi yaudaruwa da alƙaluma. Za ka ga an rubuta matsakaicin zafin gari na shekara, ka ce ka samu. Duba wannan: matsakaicin zafin shekara na Beijin da na Bogota kusan ɗaya ne, tsakanin digiri 13 zuwa 14. Amma a Bogota kusan kullum haka yanayin yake, a Beijin kuwa Yuli yana kai 30 da wani abu ga gumi, Janairu kuma ruwa na daskarewa. Kamar mutum ne ya sa ƙafa ɗaya a garwashi ɗaya a ƙanƙara, a ce a lissafi yana cikin ni'ima. Haka Landan da Winifeg ta Kanada, nisansu daga tsakiyar duniya kusan ɗaya ne, amma a Janairu Landan tana wajen digiri 5 saboda ɗumin Tekun Atilantika, Winifeg kuwa da ke tsakiyar nahiya tana yin ƙasa da sifili da sama da digiri 15. Irin wannan tsananin sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, wanda ke nufin yana iya tayar da sikila kuma yana ɗaga hawan jini. Ga gajartar rana: a Stockholm ta Suwidin, hasken rana a Disamba wajen awa 6 ne kawai. Mai baƙar fata da ke zaune a irin wuraren nan yakan yi fama da ƙarancin sinadarin bitamin D, wasu kuma duhun kansa ke sa su ƙunci. Mutane sukan shirya wa sanyi da riguna, amma duhun ba kowa ke tunawa da shi ba sai ya riske shi.

To me za ka duba a maimakon matsakaicin shekara? Hukumomin hasashen yanayi na ƙasashe suna wallafa alƙaluman wata-wata da aka tara na shekara 30, na baya-bayan nan su ne na 1991 zuwa 2020. A ciki ka nemi zafin rana na watan da ya fi zafi, da sanyin dare na watan da ya fi sanyi. Sannan, tunda kukanka na rashin barci ne, ka ba zafin dare na lokacin bazara muhimmanci fiye da na rana. Jiki yana iya jure rana mai digiri 32 in dai dare zai sauko ƙasa da 20 ya huta. Abin da ke karya mutum shi ne daren da ba ya hucewa. Ka kuma duba ma'aunin raɓa, wato matakin da danshin cikin iska ke fara zama raɓa. In yana ƙasa da digiri 15, gumi zai bushe, jiki ya ji daɗi. In ya haura 21, ko a inuwa kake za ka ji kamar an lulluɓe ka. Wannan ma'auni ya fi ma'aunin danshi da ake bayarwa da kaso cikin ɗari faɗin gaskiya, domin shi wancan yana hawa da sauka tsakanin safe da rana ko da danshin bai canja ba.

Kada kuma ka ɗauka gari mai sanyi ya yi sallama da zafi har abada. A ƙarshen Yunin 2021, Portland ta Amurka, garin da aka sani da ruwan sama da sanyi, ta kai digiri 46.7, ƙauyen Lytton na Kanada ya kai 49.6. A Yulin 2022 Ingila ta haura digiri 40 a karon farko tun da aka fara ajiye alƙaluma. Zafin da ya afka wa Turai a 2003 an ƙiyasta ya kashe mutum sama da 70,000, yawancinsu tsofaffi. Dalili kuwa gidajen an gina su ne don su riƙe ɗumi, kuma da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Akasin haka ma yana faruwa: a Johannesburg gidaje da yawa ba a yi musu tanadin ɗumamawa ba, sai Yuni da Yuli su zo, lokacin sanyinsu ke nan tunda suna kudancin duniya, cikin ɗaki ya yi sanyin da ba ka zata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ɗakin zama ya yi ƙasa da digiri 18 a lokacin sanyi, kuma gidan da ke da tsoho ko mara lafiya ya kamata ya ɗara haka. Kuɗin da ka tsira da shi daga sanyaya ɗaki, ka tambayi kanka ko ba ɗumama shi zai cinye ba.

Yanzu jerin da ya rikita ka. Wanda ya fi shahara shi ne na sashen bincike na mujallar Economist, wanda Biyana ta Ostiriya ta zo ta ɗaya a cikinsa a 2022 da 2023 da 2024. Yana auna zaman lafiya da kiwon lafiya da ilimi da al'adu da muhalli da ababen more rayuwa. Amma asalin amfaninsa shi ne taimaka wa manyan kamfanoni su san alawus ɗin da za su biya ma'aikacin da suka tura wata ƙasa, kuma tsadar rayuwa ba ta cikin ma'auninsa. Mai biyan haya daga aljihunsa da bakin mutum biyar a wuyansa, lissafinsa daban ne.

Abubuwan more rayuwa kuma, kasancewarsu a gari ba ya nufin kana da iko da su. Asibiti mai kyau da ke can wani ɓangaren gari, wanda cunkoso zai sa ka yi awa ɗaya da rabi kafin ka isa, ba asibitinka ba ne ranar da ciwon yaro ya tashi. Don haka ka auna komai da mintoci daga ƙofar gidan da za ka kama. Ka tambaya takamaimai: akwai likitan jini na yara? Akwai ma'ajiyar jini da ke aiki dare da rana? Ma'aikatan sun saba ganin masu sikila? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin a garin da cutar ba ta da yawa, ana iya samun asibiti mai tsadar kayan aiki amma ma'aikacin da ke bakin aiki ya yi jinkirin ba da maganin raɗaɗi saboda bai saba da lamarin ba. In ƙetare iyaka za ku yi, sai ka ƙara da batun takardar izinin zama: bizar yawon buɗe ido a ƙasashe da yawa ba ta ba ka damar zama kana aiki, ba ta sa yara a makarantar gwamnati, kuma shigar da mahaifiya cikin takardun iyali yakan fi na mata da 'ya'ya wuya nesa ba kusa ba. Inshorar lafiya ma ka karanta ta da kyau, don wasu kamfanoni suna cire cutar da mutum ya riga ya zo da ita.

Ruwa da iska su ma ka bincika tarihinsu, kada kyan gari ya rufe maka ido. Cape Town, mai daɗin yanayi, a 2018 sai da aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana saboda madatsun ruwanta sun kusa ƙafewa. Bogota, duk da yawan ruwan samanta, ta shiga rabon ruwa unguwa-unguwa a Afrilun 2024. Garin da ke cikin kwari tsakanin duwatsu kuwa, kamar Birnin Meziko, a lokacin sanyi iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama, hayaƙin motoci da masana'antu ya rasa mafita. Kai da aikinka ya dogara da intanet, ka tambayi mazauna unguwar sau nawa ake ɗauke wuta, kuma ka lissafa bambancin agogo tsakaninka da waɗanda kake yi wa aiki.

Da ni ne kai, zan nemi gari mai ƙarancin tudu ko matsakaici, wanda zafin ranarsa ba ya yawan wuce digiri 28 a bazara, darensa kuma ba ya kaiwa ga daskarewa a hunturu, yana da babban asibitin koyarwa. Ka tace su koma uku, ka kai wa likitan yaron da na Mama sunayensu tare da tsayin kowanne da alƙaluman zafinsa. Wanda ya tsallake, ka je ka gan shi kai kaɗai a watan da ya fi muni, ba watan da masu yawon buɗe ido ke zuwa ba, gani ya kori ji. Ko a cikin gari ɗaya unguwa da unguwa sun bambanta: tsakiyar birni mai kwalta da siminti yakan riƙe zafi da dare fiye da gefen gari mai itatuwa da 'yan digiri, kuma hawa na ƙarshe na bene ya fi na ƙasa zafi. Ka duba kusurwoyin ɗakuna da bayan kabad ko akwai tabon danshi, ka nemi mai gidan ya nuna maka takardun kuɗin wuta da na ɗumama gida na shekarar da ta wuce.

Kada ka sayi gida ko fili sai kun zagaye shekara guda cur a haya. Kafin ranar tashi kuma, ka karɓi cikakken bayanin jinyar yaron da na Mama a rubuce, da sunayen magungunansu na asali ba na kamfani ba, da wadataccen maganin da zai kai ku har ku samu ganin sabon likita, don a wasu garuruwan samun layin ganin ƙwararre kan ɗauki watanni.