Amsa ga Hajiya kan cin abincin 'yan Sin a Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kuna tafe Umara ke da Baba, ɗanki da ke aiki a Jidda kuma ya nace sai ya kai ku gidan abincin 'yan Sin, kina fargabar kada a ba ku abin da bai halatta ba. Ki kwantar da hankalinki. A Saudiyya doka ta hana sayar da naman alade da giya a gidajen abinci, na Sin ne ko na Turawa. Naman da za a kawo muku na kaza ne ko na sa ko na rago. Abincin teku kuwa, jatan lande da ƙaguwa da sauransu, a mazhabarmu ta Malikiyya duk halal ne, 'yan Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai.

Inda matsalar take shi ne baki. Mu nan mun sha kai baƙi daga gida, kuma abin da ke fara korar dattawa shi ne zaƙi. Akwai kazar da suke yi da miya ja mai zaƙi da tsami, ita yara ke rububi, amma Bahaushen da ya tashi da miyar kuka, ya ji sukari a nama, ajiye cokali zai yi. Kada ku fara da ita. Ku nemi soyayyiyar shinkafa da ƙwai, taliya da naman sa, da naman da aka soya da tattasai da albasa. Awara ma suna da ita, tasu dai ta fi tamu laushi. In kun ga an rubuta Sichuan, wato girkin wani lardi na ƙasar Sin, ku yi hattara, akwai wani yaji nasu da ke sa harshe ya yi kamar ya mutu na ɗan lokaci. Ni ina son sa, amma ba zan ba mai gyambon ciki ba. Idan Baba na da hawan jini, a ce su rage baƙin ruwan waken suyan nan, gishiri ne zalla.

Su a tsakiya ake jera abinci kowa ya ɗiba, don haka kada kowa ya yi odar farantinsa. Mutum huɗu, kala uku da shinkafa sun isa. Tsinkayen cin abincin ba dole ba ne, ki ce a kawo cokali, ba wanda zai kalle ki.

Da ni ce, zan sa ɗan ya nemo inda Musulmin Sin ke girki, masu jan taliya da hannu irin ta birnin Lanzhou, ko 'yan ƙabilar Uigur masu gasa tsire da shinkafa da karas. Wannan ya fi kusa da bakinmu, kuma ya fi manyan gidajen titin Tahliya sauƙi. Ki sa ran kuɗin zai fi na gidan soyayyiyar kaza na Al Baik nesa, ga harajin kashi 15 cikin 100 a risit. Daren Alhamis da na Juma'a cunkoso ake yi sosai, ku je tsakiyar mako bayan Magariba, kafin jama'ar Jidda su fito bayan Isha'i.