Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya a kan Stree 3 da ƙarshen Stree 2

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki tun ɗazu, cewa kin kalli Stree 2 har ƙarshe amma ba ki ga inda ake ta cewa Akshay Kumar ya koma mugu ba, kuma wai an ce miki Stree 3 ya fito har kina neman inda za a tura miki, sannan kina so a faɗa miki ina labarin zai dosa. Wallahi ina karantawa raina ya sosu don irin abin da ya same ni ke nan, kuma na ga wasu a ƙasa sun fara yi miki dariya wai ba ki iya kallo ba, don Allah ku bari, ba laifinta ba ne ko kaɗan.

Abu na farko, Stree 3 bai fito ba. Kar ki ba kowa kuɗinki. Kamfanin Maddock na Dinesh Vijan da kansu suka fitar da jadawali a Janairun 2025, suka sa Stree 3 a 13 ga Agustan 2027, kafin shi akwai Bhediya 2 da Chamunda da suka sa a 2026, bayansa Maha Munjya, sai manyan yaƙoƙi biyu da suka kira Mahayudh a 2028. Kuma ko wannan jadawalin ma motsi yake, ai Shakti Shalini da aka ce Disambar 2025 an ɗaga shi zuwa Disambar 2026, to kin ga Stree 3 sai dai ya ƙara nisa, ba dai ya matso ba.

Ni abin da mai turin unguwarmu ya yi min har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Yaron nan shekara da shekaru a wajensa nake turi, ina aika ƙanina da memori, wani lokacin in je da kaina, ban taɓa riƙe masa ko sisi ba. Ranar ya aiko min wai Anti albishirinki Stree 3 ya sauka har da fassara, ya turo min fosta da Shraddha Kapoor da Akshay a jiki, na ce kai anya? ya rantse min da Allah. Na biya har da ƙari don ya ce sabo ne ya sha wuya kafin ya samo. Na kira yayata da 'ya'yanta, na kira maƙociyata da muke kallon Indiya tare tun muna 'yan mata, na soya awara, na roƙi maigida ya tayar mana da janareta duk da tsadar mai, muka zauna, aka kunna, sai ga wani tsohon fim ɗin kudancin Indiya na fatalwa, ba Vicky telan nan jarumin fim ɗin, ba garinsu Chanderi, ba kowa, an dai liƙa masa suna ne kawai. Yaran suka yi ta tambaya Anti ina telan, ina mai kitson. Maƙociyata ba ta ce komai ba amma na ga fuskarta. Wannan duk mai sauƙi ne. Washegari da na je da kaina in yi masa magana cikin mutunci, a gaban samari cike da shagon ya ɗaga murya wai ku mata me kuka sani a fim, wai Indiya duk ɗaya ne, in ban so in goge. Suka kwashe da dariya. Wallahi 'yar uwa ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, ba don kuɗin ba, don yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, wanda uwarsa ma muna gaisawa, shi zai tsinka ni a bainar jama'a a kan gaskiyata. Har gida na zo ina rawar jiki. Ban kai ƙararsa wajen uwarsa ba, na bar shi da Allah, amma ƙafata ba ta ƙara taka shagon ba kuma ba za ta ƙara ba.

Daga baya ne ma na gano ashe duk finafinan da yake ba ni yankakku ne, da an fara waƙar ƙarshe yake datsewa don kar ya ci masa waje. To su kuma waɗannan finafinan a can bayan waƙa da sunaye suke ɓoye asirinsu. Ina kyautata zaton irinsa aka ba ki. A asibitin masu taɓin hankali kin ga Akshay, jikan jikan Sarkata ne, wato mugun aljanin nan mai yankakken kai, shi ya nuna wa su Vicky hanya kamar mai taimako, to a can ƙarshe bayan aljana Stree ta ja Sarkata cikin narkakkiyar wutar nan, ragowarsa ta isa hannun Akshay, ƙarfin ya koma jikinsa. Wannan sin ɗin ne ba ki gani ba. Akwai kuma inda Bhaskar mai rikiɗa kyarkeci yake ba Jana abokin Vicky labarin wani abu mai cizon wuya yana shan jini a Delhi, wanda shi ne ya zo ya zama Thamma na Ayushmann Khurrana da Rashmika Mandanna da ya fito a Oktoban 2025, Nawazuddin ne bos a ciki. Ki nemi cikakke ki sake kallon minti na ƙarshe, kar ki tashi sai allon ya yi baƙi.

Yanzu hasashena, kuma hasashe ne na wadda ta kalli na farko tun 2018 ta maimaita har ta haddace. Ni ban yarda Akshay mahaukaci ne ba tun asali. Wasiƙar nan da ta zo wa Rudra, masanin da ke cikin su Vicky, da shafukan littafin tarihin Chanderi da suka ɓata, wa ya ke da su in ba ɗan gidan ba? Mutumin nan so yake a kashe masa kakan don ya gaji ƙarfin, ya yi amfani da su Vicky ne kawai. Kuma Sarkata kai ne da gangar jiki da ihu, ba ya magana, ba ya dabara, shi kuwa wannan yana da baki, yana da wayo, ya san Vicky, ya san abokansa, ya san rauninsu. Amma ban jin za su ƙarar da shi a Stree 3, jarumi irin Akshay ba za a ɗauko shi don fim ɗaya a kashe ba alhali an riga an sanar da yaƙi biyu a gaba. Ina ganin zai riƙa leƙowa yana tara miyagu, Munjya na yankin Konkan da ba a gama da shi ba, da ɓangaren masu shan jinin nan da suka ƙi bin doka, shi kuma ɓangaren kirki a haɗa Vicky da yarinyar da Shraddha ta fito a matsayinta da Bhediya wato Bhaskar da Alok jarumin Thamma.

Amma gaskiya ni ba yaƙin ne ya dame ni ba. Yarinyar ce. Fim biyu ba mu san sunanta ba, a ƙarshe ta raɗa wa Vicky a kunne mu aka bar mu da kallon fuskarsa. An riga an faɗa mana 'yar Stree ce, a gabanta Chandrabhan, wato Sarkata lokacin yana raye, ya kashe iyayenta, kuma ita ma ba mai rai ba ce, shi ya sa ta ɗauke kitson uwar a ƙarshen na farko ta haɗa da gashinta a cikin motar nan. To in burinta uwarta ta samu salama ne, kuma ta samu, me ya rage mata a duniya? Vicky ne kaɗai. Nan ne nake jin tsoro. Tela ne ɗan talaka, shi ma garin ya san wace ce uwarsa ya ɓoye masa ya rene shi, yana son wadda ba ta da jiki, ina za a kai wannan soyayyar? Ko dai ta tafi gaba ɗaya ta bar masa kitson ya zama shi ne mai tsaron Chanderi, ko shi ya mutu ya bi ta. Darakta Amar Kaushik ba ya jin tausayin masoya, ki tuna abin da ya yi wa Kriti Sanon a Bhediya na 2022, likitar dabbobin nan, na yi kuka a wajen nan ba kaɗan ba, kuma har yanzu ina sa ran za a dawo da ita a Bhediya 2 ko da a tunanin Bhaskar ne. Ina ga sunan nan ma ba banza aka ɓoye shi ba, a na farko ai da suna Stree take kiran maza, ka waiwaya ta ɗauke ka ta bar tufafi, to duk wanda ya san sunan yarinyar zai iya kiranta ko ya ɗaure ta, kuma Vicky ne kaɗai ya sani, ga shi ba shi da wuyar ruɗa, ga Jana da kowane aljani a jikinsa yake sauka. Ta nan nake zaton Akshay zai shigo musu.

Wani abin da ke ci min rai, kar kuɗi ya lalata labarin. Stree 2 ya tara sama da rupi biliyan 8 a duniya, tun daga nan kowa so yake a saka shi, in aka cika jarumai sai ya zama miyar da aka zuba wa komai da komai har aka rasa ɗanɗanon kuka. Abin da ya sa muka so fim ɗin nan ai ba faɗa ba ne. Garin da maza ke ɓuya a ɗaki da daddare mata na fita, ana rubuta wa aljana a bango wai ta dawo gobe, daga baya a gina mata gunki ana roƙon ta kare su, don an gane mutunci kawai take nema da aka hana ta tana raye. Na biyu kuma mugun yana kwashe matan da suka waye, ya juya kan mazan garin su kulle matansu su hana yara mata makaranta. Ni da na zauna ina kallon wajen nan ranar da abin shagon nan yake sabo a raina, wallahi sai na ji kamar da ni ake. In Stree 3 ya manta da wannan ya koma tsalle-tsalle da wuta, to sun rasa ni ko da Akshay goma suka saka.

Ke dai shawarata, ki bar bin bidiyon YouTube masu cewa tirela ta fito, haɗe-haɗe ne, wasu ma da kwamfuta ake ƙirƙirar fuskokin, ki duba shafin kamfanin ko na Shraddha a Instagram, in ba su saka ba to babu. In za a tura miki fim ki sa a buɗe a gabanki ki ja zuwa ƙarshe ki gani kafin ki biya, kuma kar ki tara mutane sai kin tabbatar, don Allah kar ki tara mutane. Roohi kuma kar ki wahalar da kanki wajen haɗa shi da labarin don kin ga Rajkummar Rao a ciki, ba Vicky ba ne a can. Ki bi su a jere, Stree, Bhediya, Munjya, Stree 2, Thamma. Kuma duk wanda ya yi miki dariya don kin yi tambaya ki share shi, har waɗanda ke nan ƙasa, su ma wani ne ya faɗa musu. In kin samu cikakken kin kalli sin ɗin Akshay ki dawo ki gaya min ko ke ma kin ga abin da na gani game da wasiƙar nan, don yayata har yau musu take min wai Rudra ne ya rubuta wa kansa.