An sayar da kamfanin intanet ɗinmu, yaya zan yi da adireshin imel ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma adireshin imel ɗin da na daɗe ina aiki da shi na kamfanin da ke ba mu intanet a gida ne. Yanzu sun aiko da takarda cewa an sayar da yankinmu ga wani kamfani. Banki, asibiti da makarantar yara duk wannan adireshin suka sani. Idan na saita shi ya riƙa tura saƙonni zuwa Gmail, shi ke nan na huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka saita, yau ma ba gobe ba, amma ba ka huta ba tukuna, Malam. Turawar nan a kan kwamfutocin tsohon kamfanin take faruwa: saƙo ya fara isa can, sannan su miƙa shi gaba. Kamar ka tashi daga gidan haya ne ka bar wa maigadi sallahu ya riƙa kawo maka wasiƙunka. Ran da aka rushe gidan, sallahu ya ƙare.

Saboda haka fara duba takardar da suka aiko, ka nemi abu ɗaya: sunan da ke bayan alamar @ a adireshinka, yana cikin cinikin ko kuwa? Sau da yawa wayoyi da kwastomomi ake sayarwa, sunan ya zauna wurin mai shi na asali. An ga iri-iri. A 2017 Verizon, kamfanin waya da intanet na Amurka, ta daina kula da imel, ta mayar da masu adireshin verizon.net zuwa wani kamfanin imel mai suna AOL, adireshinsu bai canza ba, amma sai wanda ya bi matakan ƙaura kafin wa'adi. A Ingila kuwa an rufe imel ɗin Orange, Wanadoo da Freeserve baki ɗaya ranar 31 ga Mayun 2017. A 2024 Cox, wani kamfanin intanet na Amurka, ta kwashe nata zuwa Yahoo, kuma a nan akwai tarko: tun Janairun 2021 Yahoo ta cire turawa kai tsaye daga asusun kyauta, sai mai biya. Ke nan ko adireshi ya rayu, turawar da ka saita na iya mutuwa a hanya.

Saitin kansa ba wuya. Buɗe sabon asusu a wurin da ba ruwansa da mai ba ka intanet. Gmail na ba da gigabait 15 kyauta. Shiga tsohon akwatin ta burauza, ba ta manhajar waya ba, don galibi a can zaɓin turawa yake, cikin saituna. Rubuta sabon adireshin. Wasu za su aika lambar tabbatarwa can, sai ka kwafo ta ka saka. Zaɓi a riƙa ajiye kwafi a tsohon akwatin, amma ka riƙa leƙa shi, domin idan ya cika saƙonni za su fara komawa wurin masu aikowa. Sai gwaji, kuma daga asusu na uku, na matarka ko na aboki. Idan daga sabon Gmail ɗin ka aika, yakan gane saƙonsa ne ya dawo ya ƙi nuna shi a akwatin shiga, ka zaci saitin ne bai yi ba. Kada kuma ka sa sabon ya riƙa turawa zuwa tsohon, saƙo zai yi ta zagaye har a jefar da shi.

Ko komai ya zauna daidai, wasu saƙonnin za su salwanta. Na farko, abin da tsohon akwatin ya ɗauka shara ne, wato saƙon banza (spam), yawanci ba ya tura shi. Na biyu ya fi ciwo. Akwai tsarin tantancewa mai suna SPF, inda banki ke bayyana kwamfutocin da aka yarda su aika da sunansa. Da aka turo saƙon, Gmail zai ga ya fito daga kwamfutar kamfanin intanet ɗinka, wadda ba ta cikin jerin. Idan saƙon na ɗauke da sa-hannun DKIM, wato hatimin na'ura da ke tabbatar da daga bankin ya fito, kuma ba a taɓa cikinsa a hanya ba, ya wuce. Idan an ƙara masa ko layin talla ɗaya a ƙasa, sa-hannun ya lalace, kuma in bankin ya tsaurara dokarsa ta DMARC, wadda ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya faɗi tantancewa, sai a ƙi saƙon ko a watsa shi shara. Abin takaici, masu tsaurarawar su ne waɗanda ka fi buƙatar saƙonsu.

Turawa ba ta taɓa tsofaffin wasiƙu, sababbi kawai take ɗauka. Don kwashe na baya, saka manhajar imel ta Thunderbird a kwamfuta, haɗa tsohon asusun ta IMAP, hanyar da manhaja ke bi ta karanta akwatin imel, a tashar (port) 993, ka jira komai ya sauko. Kada ka tsaya nan. IMAP abin da ke can yake nuna maka, in an goge can zai iya ɓacewa nan. Kwafa kowace jaka zuwa jakunkunan da ke kan kwamfutar kanta, har da ta saƙonnin da ka aika, wadda aka fi mantawa da ita. In kana so su hau Gmail, haɗa shi ma ka riƙa jan su kaɗan-kaɗan, ɗari biyu ko uku a lokaci guda, don Gmail na da iyakar abin da yake karɓa a rana. Adireshin mutanenka kuma fitar da su a fayil ɗin CSV ko vCard.

Babban aikin shi ne sauya adireshi a wurin masu aiko maka, tun tsohon na numfashi, domin da yawansu sai sun aika lambar tabbatarwa can kafin su yarda. Fara da duk inda aka ajiye tsohon a matsayin hanyar dawo da kalmar sirri: banki, Apple ko Google, Facebook, manhajar da kake aika kuɗi gida da ita. Sai asibiti, inshora, makaranta da hukumar shige da fice in kana da takardu a gabanta. A Gmail ka saita matatar saƙonni (filter) da za ta liƙa alama ga duk saƙon da aka aiko wa tsohon adireshin. Wanda ya zo da alamar, mai shi bai san ka tashi ba. Ka bar turawar ta yi shekara in kamfanin ya bari, saboda takardun haraji da sabunta inshora sau ɗaya suke zuwa.

In sabon kamfanin ya yi maka tayin nasa adireshin, karɓa ba laifi, amma kada ka ba banki shi. Wanda ke son adireshin da ba mai ƙwace masa, ya yi rajistar nasa sunan da ke bayan alamar @ (domain), abin da bai fi dala 10 zuwa 20 a shekara ba, ya haɗa shi da duk mai kula da imel ɗin da ya ga dama, kuma ya kunna sabuntawa ta atomatik don kada sunan ya kuɓuce.