Kwas ɗin Wata Uku Zai Ba Ni Lasisin Gyaran Jirgin Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Shekara biyu ke nan ina mataimaki a rumfar gyaran jirage, har yau ba ni da ikon sa hannu ko a kan canjin taya. Na ga ana tallar wani kwas na wata uku a intanet, wai in na biya za a ba ni lasisin ƙasa da ƙasa. Maigidana a wurin aiki kuma ya ce duk wannan takarda ce kawai, aiki a hannu yake, shi da ka yake nasa, ba ya buɗe littafi. Hankalina a tashe yake, gani nake shekaru suna wuce ni. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, shekara biyu a wannan sana'a ba jinkiri ba ne, kuma ba ta tafi a banza ba matuƙar an rubuta ta.

Kuɗinka kuwa ka riƙe abinka. Babu wani abu wai shi lasisin ƙasa da ƙasa. Hukumar ICAO, wato hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ƙa'ida take shimfiɗawa a cikin kundinta na lasisin ma'aikata mai suna Annex 1, amma hukumar sufurin jiragen sama ta kowace ƙasa ita ke ba da lasisi. Dubi tsarin EASA, hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, wanda ƙasashe da dama suka ɗora nasu a kansa. Mai neman lasisin B1.1 (gyaran jiki da injin jirage masu injin turbine) ko B2 (na'urorin lantarki na jirgi) a makarantar da aka amince da ita ƙarƙashin Part-147, wato dokar EASA ta makarantun horon gyaran jirgi, zai yi awa 2,400 yana karatu, ya ci kowace jarrabawa da kashi 75 cikin ɗari, sannan ya ƙara shekara 2 yana aiki a kan jirage masu tashi. Wanda bai yi wani horon fasaha ba, shekara 5 ake nema a wurinsa. A Amurka, wanda bai bi ta makaranta ba sai ya nuna wata 30 na aiki kafin FAA, hukumar sufurin jiragen saman ƙasar, ta bar shi ya zauna jarrabawar jikin jirgi da inji. Ko lasisin ya zo hannu, da sauran horo na musamman a kan samfurin jirgin da za ka taɓa, da kuma izinin kamfanin gyaran da kake yi wa aiki. To a ina wata uku zai shiga a nan? Masu wannan talla 'yan damfara ne, sun san matasa sun ƙosa, shi ya sa suke farautarsu.

Maganar maigidanka ita ta fi tayar min da hankali, domin ɗan damfara aljihunka kawai zai taɓa, ita kuwa wannan rai take ci. Kullum sai na ji ta: "Hannuna ya saba." "Kafin a haife ka nake kwance wannan injin." Ana faɗa da alfahari, yara suna saurare suna ɗauka cewa buɗe littafin gyara alamar rashin iyawa ce.

A ranar 10 ga Yuni 1990, jirgin British Airways samfurin BAC One-Eleven ya tashi daga Birmingham zuwa Malaga. Yana cikin hawa, ya wuce ƙafa 17,000, sai gilashin gaban matuƙa ya fita gaba ɗaya, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster har rabin jikinsa ya fice waje. Ma'aikatan jirgin ne suka rirriƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauka a Southampton, Allah ya yi da sauran kwanansa. Wanda ya ɗaura gilashin shugaban aikin dare ne, gogagge. Bai duba kundin kayayyaki ba. Ya ɗauki tsohon noti guda, ya tafi ma'ajiya inda haske bai wadata ba, ya gwada da ido. Cikin notuna 90, guda 84 kaurinsu ya gaza da milimita 0.66, sauran 6 kuma gajeru ne. Wane ido ne zai ga milimita 0.66 da tsakar dare? Abin takaici ma, tsohon notin da ya ɗauka ya yi gwaji da shi, shi kansa ba wanda ya dace ba ne tun asali. Kuma shi ya yi aikin, shi ya sa hannu.

Na biyun ya fi kusa da halin da kake ciki. A Janairun 2003, jirgin Air Midwest samfurin Beech 1900D ya faɗi yana tashi daga Charlotte a Amurka, mutum 21 suka rasu. Kwana biyu kafin nan, wani makaniki da ke koyon aikin ya daidaita igiyoyin ƙarfen da ke motsa farantin jela, wanda ke ɗaga hancin jirgi ko sauke shi. Shi da mai koya masa suka tsallake wasu matakai na littafi, kuma mai koyarwar shi ne ya dawo ya duba aikin a matsayin sufeto. Farantin ya kasa sauka yadda ya kamata. Ranar da aka yi wa jirgin lodi fiye da kima, nauyin ya karkata baya, hanci ya ɗaga, matuƙa suka kasa danne shi. Mai koyon bai ƙirƙiri tsallake mataki da kansa ba, babba ne ya nuna masa cewa ba komai.

Abin da masu "da ka nake yi" suke mantawa shi ne littafin ba a tsaye yake ba. Kamfanin da ya ƙera jirgi yana sabunta shi, hukuma tana fitar da umarnin dole, awon ɗaurin da ka haddace bara yana iya canzawa bana. Jirage biyu samfuri ɗaya, a jere a rumfa ɗaya, suna iya bambanta a kaya gwargwadon lambar kowanne. Shi ya sa ilimin halayyar ɗan Adam ya zama darasi na 9 a manhajar Part-66, wato dokar EASA ta lasisin masu gyaran jirgi, kuma ake sabunta horon ma'aikata duk shekara 2. Gajiya, gaggawa, matsin lambar a saki jirgi, da sakankancewa, su ne ke kayar da gwani, kuma gwani suka fi kamawa domin shi ne ba a tsayawa a kansa. Gogewa tana da daraja, ban raina ta ba, ita ke sa mutum ya hango tsatsa ko tsaga inda wani zai wuce. Amma duk ƙwararren da na sani na gaske, littafinsa a buɗe yake a gefensa.

Sa hannun da kake ɗoki amana ce ta rayukan mutanen da ba su san sunanka ba, kuma za a tambaye ka a kanta duniya da lahira. Kada ka taɓa sa hannu a kan abin da ba ka yi ba ko ba ka gani ba, ko wa ya ce ka yi.

Ka girmama maigidanka, ka kwashi abin da hannunsa ya sani, amma kai ka buɗe littafin ko za a yi maka dariya. Daga yau duk aikin da ka yi ka shigar da shi a kundin ayyukanka: kwanan wata, samfurin jirgi da lambarsa, lambar aikin, da sa hannun mai lasisin da ya tsaya a kanka. Ayyukan baya ma ka bi sawunsu tun waɗanda suka gani suna nan. Kafin ka biya kowace makaranta, ka nemi lambar amincewarta, ka je shafin hukumar ƙasarku ka tabbatar da sunanta yana cikin jerin.