In biya a ɗora ni a saman Google, ko in yi talla?

Tambaya: Ina da shagon kayan sola a Kano, kuma na buɗe shafin intanet. Wani matashi ya ce in ba shi kuɗi, cikin mako biyu zai ɗora ni a sahun farko na Google. Abokina kuma ya ce talla kawai zan biya. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Google da kansa ya gargaɗi masu shafuka cewa babu wanda zai iya ba su tabbacin matsayi na ɗaya. Gyaran shafi domin ya hau sama, abin da ake kira SEO, aikin watanni ne. Duk wanda ya ce maka mako biyu, ko dai bai san aikin ba, ko kuma zai sayo maka mahaɗan bogi, wato ya biya wasu shafuka su riƙa nuno shafinka, Google ya gano ya tura shafin can ƙasa. Abin yana min ciwo, domin ƙananan 'yan kasuwa aka fi yi wa wannan.

Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. Yi rajistar shagon a Google Business Profile, wato tsarin da ke nuna shaguna a taswirar Google, ka sa adireshi, lambar waya, lokacin buɗewa da hotunan batura da farantan da ke kan kantarka, ba na intanet ba. Wanda inbatarsa ta mutu da daddare a Hotoro, shagon da taswira ta nuna masa kusa shi zai kira da safe. Ka roƙi kwastomomin da suka ji daɗin aikinka su rubuta ra'ayinsu a wurin.

Abokinka ma bai yi kuskure ba. Tsarin tallar Google, wato Google Ads, wanda ya fara a 2000 da sunan AdWords, gwanjo ne: sai an latsa tallarka za ka biya, ko an saya ko ba a saya ba. Don haka ka taƙaita ta ga Kano da kewaye, ka toshe kalmomi irin su "kyauta" da "koyon sola" don kada tallar ta fito wa masu neman su. Ka kuma sani cewa a rana guda yana iya cin ninki biyu na kasafin yini da ka sa, sai dai a wata guda ba zai wuce ninki 30.4 na wannan kasafin ba. Ranar da ka daina biya, ranar tallar za ta ɓace.

Gwada wata ɗaya da kuɗi kaɗan. Duk wanda ya kira, ka tambaye shi inda ya samo lambarka, ka rubuta a littafin shago.