Mama Tana Ihu Idan Mun Zo Juya Ta

Tambaya: Likita, ciwon dajin mama da mahaifiyata ke fama da shi ya bazu har ƙashin baya da ƙugu. An ce mana yanzu sai dai a rage mata raɗaɗi. Tana shan mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, safe da dare, kuma idan tana kwance har hira muke yi. Amma da mun zo juya ta ko yi mata wanka sai ihu, ta damƙe mini hannu gam. Ta fara cewa a bar wankan. In ƙara mata maganin ne?

Amsa: Sannu da jinya 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama sauƙi. Kada ki ƙara da kanki. Na safe da daren yana aikinsa, tunda har kuna hira. Idan aka ƙara shi don ciwon minti goma, wuni za ta yi tana gyangyaɗi, hirar ma ku rasa ta.

Ciwon da motsi ke tayarwa kin san lokacin zuwansa, don haka riga shi za ki yi. Ki roƙi likitanta ya rubuta mata mofin mai saurin aiki, na ruwa ko ƙwaya. Yawanci akan ba da kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da take sha a awa 24, amma lissafin nasa ne. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ba majinyaci magani, nan take a kama shi a ɗaga. Mofin na sha yakan ɗauki kamar minti 30 kafin ya kama jiki. Ki ba ta, ki dubi agogo, ki je ki haɗa ruwa da tawul.

Wajen juyawa ku zama ku biyu, ku ja zanin gado maimakon hannunta, kafaɗa da ƙugu su tafi tare, filo a tsakanin gwiwoyi. Ki bari ita ta ce "to, yanzu". Wanka da sauya shimfiɗa a haɗa su lokaci guda, ranar da ba ta da ƙarfi kuma goge jiki ya isa.

Ki tambayi likitan batun gasa ƙashin da hasken na'ura. Sau da yawa zama ɗaya yakan rage ciwon cikin 'yan makonni. Mofin yana busar da ciki, a haɗa mata da maganin sassauta bayan gida.

Idan kuwa ƙafafunta suka rasa ƙarfi farat ɗaya, ko fitsari ya riƙe, ko ya fara kuɓuce mata, wataƙila ciwon ya danne laka. A kai ta asibiti a ranar.