Dalilin yanke wasu wurare a tsofaffin The Simpsons

Kana tambayar me ya sa wurin da aka kwaikwayi wani fim a wani tsohon kashi na The Simpsons, shirin katun na barkwanci na Amurka, ya ɓace da ka sake kallonsa a wata tasha. Ba mantuwa ka yi ba, yanke shi aka yi. Tashar Fox ce ke fara nuna shirin a Amurka tun 1989, sannan daga 1994 aka soma sayar wa wasu tashoshi izinin maimaita tsofaffin kashi-kashi. Su kuwa da talla suke maida kuɗinsu, sai a datse ɗan wani abu a cusa ƙarin talla a gurbinsa.

Abin da na lura shi ne, irin waɗannan wuraren almakashi ya fi ci, domin ko an cire Homer, maigidan iyalin da ke cikin shirin, yana kwaikwayon wani jarumi na 'yan daƙiƙoƙi, zaren labarin ba ya tsinkewa. Abin yana ɓata min rai ƙwarai, don sau da yawa nan marubutan suka fi zuba basira. In cikakken kashin kake so, nemi faifan DVD na asali, ba a datse shi saboda talla ba.